Abin Da Muka Gano A Gidan Tarihin Halitta Na Landan

Tun da muka dawo daga Ingila 'yan makaranta ba su bar mu mun huta da tambaya ba. Wani ya ce, "Malam, da gaske ne rana ba ta faɗuwa can sai ƙarfe tara?" Wata ta ce, "Kun ga fadar Sarki?" 'Yan ƙwallo kuwa ba abin da ya dame su sai ko mun shiga filin Arsenal. Mun amsa abin da ya samu a aji da bakin hanya. Amma da aka ba mu fili a wannan mujalla ta shekara, sai muka ga ya fi kyau mu yi magana a kan wani wuri da ba wanda ya tambaye mu labarinsa, gama shi ne ya fi tsaya mana a rai, shi ne kuma ya sa muka dawo gida da 'yar kunya.

Mu uku ne muka yi tafiyar, bisa gayyatar wata ikilisiya da ke zumunci da tamu, domin mu ga yadda makarantunsu ke aiki. Ranar Asabar ta ƙarshe mai masaukinmu, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa, ta ce za ta kai mu gidan tarihin halitta da ke unguwar Kensington ta Kudu. Gaskiya ba mu so ba, don mun ƙudura shiga kasuwa mu sayo tsaraba. Ɗayanmu ma ya ce da Hausa, don kada ta ji, "Mu da muka baro ƙashi a mahautar Sabon Gari, shi ne za mu zo Turai kallon ƙashi?" To, ba a yi wa mai masauki gardama. Muka bi ta. Mun shiga da ƙarfe goma na safe da niyyar yin awa guda, ba mu fito ba sai da ma'aikata suka fara rufe ƙofofi.

Abin da ido ya gani

Wanda ya hango ginin daga nesa zai ɗauka babbar majami'a ce. An buɗe shi a 1881, kuma mutumin da ya yi ta faman a gina shi, Richard Owen, shi ne ya ƙirƙiro kalmar dainoso a 1842. An ƙawata bangon da siffofin tsuntsaye da kifaye da birai masu hawan ginshiƙi, a gefe guda halittun da ke raye, a ɗaya gefen waɗanda suka ƙare daga duniya. Ba a biyan ko kwabo a bakin ƙofa.

Da shigarmu muka ɗaga kai, sai ga ƙasusuwan wata dabbar teku da ake kira wel rataye a sama. Tsawonta mita 25, wato kamar a jera bas biyar irin waɗanda ke jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari. Siffarta ta kifi ce, amma numfashi take yi da huhu, tana haihuwa tana shayarwa kamar saniya. Ta maƙale ne a gaɓar tekun Ayalan a 1891, kuma a 2017 aka rataye ta a wannan zaure. A bene na sama akwai yankin gindin wani itace daga Kalifoniya wanda ya yi fiye da shekara 1,300 kafin a sare shi. Ana ƙirga shekarunsa ne da zoben da ke cikin gindin, kowace shekara zobe guda. Mun tsaya muna lissafi, muka ga ashe wannan itace ya tsiro tun ba a yi tunanin gina ganuwar Zazzau ba.

Akwai wani dogon bango da aka manna ƙasusuwan dabbobin teku waɗanda suka zama dutse. Waɗansu daga cikinsu wata mace ce ta tono su, mai suna Mary Anning, 'yar wani kafinta matalauci. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, a makarantar Lahadi ta koyi karatu, kuma tana da shekara 12 ita da wanta suka tono wata dabba da ba a san irinta ba. 'Yan matanmu na aji uku, ku riƙe wannan suna.

An ce mana gidan yana riƙe da abubuwa kusan miliyan 80, kuma abin da 'yan kallo ke gani ɗan kaɗan ne ƙwarai. Sauran suna cikin akwatuna da kwalabe a ɗakunan baya, inda masana daga kowace ƙasa ke zuwa bincike. Kowane abu, ko ƙuda ne, yana da ɗan kati a jikinsa mai ɗauke da sunansa, da inda aka same shi, da ranar, da sunan wanda ya samo shi.

A ɗakin tsuntsaye ne kunyar ta same mu. Mai masaukinmu ta ce tsattsewar da ke sheƙa a rumfar gidanta tana barinsu a watan Satumba, ta ƙetare Sahara, ta bi ta kan ƙasarmu zuwa kudancin Afirka. Ta ce shekara da shekaru tana rubuta ranar da ta fara ganinta kowace bazara a wani ɗan littafi. Sai ta juyo ta tambaye mu, "A wane wata kuke ganinsu a Zariya?" Muka kalli juna. A cikinmu akwai malamin ilmin halitta, akwai na labarin ƙasa, akwai na aikin gona. Ba wanda ya iya amsawa.

Kayan gidanmu a hannun waɗansu

Wannan tambaya ta sa da muka dawo muka shiga laburare muna tono, kuma abin da muka samu ya ƙara mana mamaki. Ashe ƙasarmu cike take da irin abubuwan da muka je kallo.

A yankin Sakkwato, kusan shekara miliyan 70 da suka wuce bisa lissafin masana, teku ne ya malale wurin. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ragowar halittun ruwa ce. A 1930 wani masani na wannan gida na Landan, W. E. Swinton, ya bayyana ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka samo daga can. A 1972 masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Yara nawa ne a Goronyo suka san garinsu yana cikin littattafan kimiyya na duniya?

A Nijar kuwa, a wani wuri cikin hamadar Tenere da ake kira Gadufawa, ƙasusuwan dainoso a fili suke kwance bisa rairayi. Daga nan Bafaranshe Philippe Taquet ya samo wanda ya kira Ouranosaurus a 1976. Daga nan ne kuma aka samo Nigersaurus, wanda Ba'amurke Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999, dabba mai faɗin baki da haƙora fiye da 500, da wani kada wanda tsawonsa ya haura mita 9. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu ƙoƙari a nan, domin gidan tarihinsu na Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, yana nuna wa yara ƙasusuwan dainoso.

Ga wanda ya fi kusa da mu. Ranar 3 ga Oktoba 1962, kwana ɗaya tak kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa kusa da dutsen Zagami a lardin Katsina, sai ya ji ƙara, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da shi ya nutse cikin ƙasa. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya fito, domin iskar da ta maƙale a cikin irin waɗannan duwatsu ta yi daidai da iskar Mars da kumbon Viking ya auna a 1976. An yanyanka dutsen Zagami, gutsattsarinsa sun watsu cikin jami'o'i da gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa a ƙasashe da dama. Mu da ke maƙwabtaka da wurin, ba mu taɓa ambatarsa a aji ba. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutsen Mars ɗin a yankin Agadas, mai nauyin kusan kilo 25. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a Amurka a kan dala miliyan 5 da 'yan kai, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar.

Haka abin yake ga tsuntsaye da itatuwa. A 1920 wani mutumin Sikotilan, Angus Buchanan, ya tashi daga Kano zuwa Azbin yana tattara tsuntsaye da ƙananan dabbobi domin gidan tarihin Rothschild da ke garin Tring. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya bi manoma da masu magani yana tambayar sunayen tsirrai, ya buga littafin sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa a 1916. Ɗorawar da muke yin daddawa da kalwarta tun kaka da kakanni, sunanta a littafin kimiyya Parkia, don tunawa da Mungo Park, baƙon da ya mutu a Busa a 1806. Kakanninmu sun fi shi sanin ɗorawa nesa ba kusa ba. Sai dai su a ka suka riƙe, waɗancan kuwa suka rubuta a takarda, sunan da aka rubuta kuma shi duniya ta ɗauka.

Fushi ko gyara?

Ba za mu ɓoye ba, ranmu ya ɓaci. Yawancin waɗannan abubuwa an kwashe su ne a zamanin mulkin mallaka, lokacin da ba a neman izinin kowa, kuma ba a cika rubuta sunan maharbi ko ɗan dakon da ya sha rana ya samo su ba. Yau ɗan Nijeriya mai son nazarinsu sai ya nemi biza da kuɗin jirgi. Masu cewa a dawo da abin da aka ɗauka ba bisa ƙa'ida ba suna da gaskiya, muna kuma tare da su.

Amma in muka tsaya a kan fushi kawai, mun yaudari kanmu. Mu tambayi juna tsakani da Allah: da a ce yau za a kawo mana akwati guda na waɗannan tsuntsaye a ce mu riƙe, shekara nawa zai yi kafin gara da ɓera su gama da shi? A makarantu nawa ne muka ga kwarangwal ɗin ɗakin kimiyya ya rasa hannu, kwalaben macizai sun bushe, taswira ta zama abin toshe taga? Ba Bature ne ya yi wannan ba. Laifin namu ne, mu malamai, domin mun saba koyar da halitta daga allo. Yaro zai zana furen da bai taɓa yagawa ya duba cikinsa ba, ya ci maki goma, mu sa masa hannu.

Abin takaicin shi ne, mu a Zariya ba mu da hujja ko kaɗan. Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'a. A nan akwai ma'ajiyar ƙwari da masu bincike daga sassan ƙasar nan ke kawo ƙwaro don a gane musu shi. A jami'ar kuma akwai ma'ajiyar busassun ganyaye da lambun itatuwa. A shekarun 1960 wani malamin jami'ar, Hilary Fry, ya yi shekaru yana nazarin tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma da ke haƙa rami a gaɓar rafukan Zariya, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masana tsuntsayen Afirka. Dutsen Kufena da muke hawa yawon shan iska, masana sun ce ya kai shekara miliyan 600. Mun tafi Landan kallo, alhali kuɗin bas guda ya ishe mu mu kai aji guda Samaru.

Kada wani ya ɗauka tara ƙwari wasan masu ƙoshi ne. Iyayenmu masu lambu a bakin Galma da Kubanni ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalin wannan ƙwaro daga Kudancin Amurka yake. A farkon shekarar 2016 ɗin kuma aka fara gano wata tsutsar masara a Nijeriya, ita ma baƙuwa daga nahiyar Amurka. Yaya masani zai san ƙwaro baƙo ne ko ɗan gida? Sai ya buɗe akwati ya gwada shi da waɗanda aka tara a baya. In ba a san sunan ƙwaro ba, ba a san halinsa ba, manomi kuwa sai ya yi ta zuba kuɗi a maganin da ba zai yi aiki ba.

Abin da ke ɓacewa muna kallo

Akwai dalili na biyu, shi ne ya fi gaggawa. Mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1980 mun san mahautar Sabon Gari da ungulu jingim, a kan rufi da kan rimi, har sai an kore su da sanda. 'Yan aji ɗaya, wa ya taɓa ganin ungulu da idonsa a cikinku? A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa wannan ungulu tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba ta kashe waɗansu, waɗansu kuma an kama su ne domin masu sayen kai da ƙafa don tsibbu. Mun raina ta saboda muninta, alhali ita ce ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta, ba ta kuwa karɓi albashi ba.

Gauraka, wanda ake kira tsuntsun Nijeriya, yanzu da wuya a gan shi a dajin ƙasar nan. Gwanki da kanki da mazo sun koma cikin karin magana. Muna koya wa yara cewa in ka ga gwanki cikin masussuka kada ka yi saurin suka, amma ba mu iya nuna musu ko ƙahonsa. Kuka da ɗorawa da kaɗanya da kanya suna tafiya cikin buhun gawayi, gonakin da ke tsakanin Samaru da Sabon Gari kuma sun zama gidaje.

Ba a makara gaba ɗaya ba. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kusan 50 ne kawai, a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka ƙirga su, aka san inda suke, mutanen ƙauyuka suka yarda su kiyaye su, kafin 2020 sun haura 600. Da ƙirge aka fara. Abin da ba a ƙirga ba, ba a sanin ranar da ya ragu.

Ga masu shakka

Mun riga mun ji maganganu tun da muka fara kawo wannan zance a ɗakin malamai, kuma ya kamata mu amsa su a fili.

Wani dattijon ikilisiya da muke girmamawa ya ce mana, "Malam, wannan zancen miliyoyin shekaru ba zai raba yaranmu da bangaskiya ba?" Tambaya ce mai nauyi. Mun ga mutum-mutumin Charles Darwin zaune a kan matakalar wannan gida, a daidai inda na Owen yake a da, su biyun kuwa sun yi saɓani mai zafi a zamaninsu. Masu bi da kansu ba su zama baki ɗaya ba a kan yadda za a fahimci kwanakin halitta, kuma ba a wannan fili za mu yanke hukunci ba. Abin da muka sani shi ne, yaranmu za su gamu da wannan magana ko muna so ko ba mu so, a takardar jarrabawa, a wayar hannu, a jami'a. Gara su fara jin ta a gaban malamin da ke ƙaunarsu, wanda zai faɗa musu yadda masana ke auna shekarun dutse ba tare da ƙari ko ragi ba, ya kuma bar su su yi tambaya. Bangaskiyar da ake tsarewa da rufe ido ba ta daɗewa in yaro ya bar gida. Gregor Mendel, wanda kuke haddace dokokinsa na gado a aji shida, limamin ikilisiya ne mai shuka wake a lambu. Carl Linnaeus, wanda ya tsara yadda ake ba kowace halitta suna biyu, ɗan fasto ne. A Littafin Farawa ma, aikin da aka fara ba Adamu ya haɗa da kiwon gona da raɗa wa dabbobi suna. Mu dai mun fito daga wancan gida muna jin ƙanƙantarmu a gaban Mahalicci fiye da yadda muka shiga.

Wata uwa kuma ta ce ajiye ƙashi da fuka-fuki a ɗaki ya yi kama da kayan boka. Mun fahimci tsoronta. Bambancin shi ne, boka yana ɓoye kayansa ya hana tambaya, mu kuwa za mu shimfiɗa namu a fili, kowanne da katinsa, kowa ya zo ya gani ya taɓa. Yaron da ya riƙe ƙoƙon kan mujiya a hannu, ya ga ramukan manyan idanunta, ya koyi cewa ɓeraye take ci da dare, ba zai ƙara gudu don ta yi kuka a kan rufi ba.

Waɗansu abokan aiki sun ce manhaja ta yi yawa, WAEC da NECO ba su jira. Su tuna cewa a jarrabawar gwaji ta ilmin halitta da ta aikin gona, abu ake ajiye wa yaro a gabansa a ce ya faɗi sunansa, ya zana, ya bambanta. Kowace shekara muna ganin yaran da suka haddace littafi suna daskarewa a gaban fara da ƙwayar wake mai gunda.

Sai maganar kuɗi. Ba mu ce a gina mana irin na Landan ba. Jami'ar Ife ma, da ta kafa nata gidan tarihin halitta a 1971, sai a 2011 ta shiga gininsa na dindindin. Da yayyafi kogi kan cika.

Shawararmu

Muna roƙon shugaban makaranta da hukumar gudanarwa su ba mu kusurwa guda a ɗakin kimiyya, da kabad biyu masu makulli. Muna roƙon ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyin bas sau ɗaya a shekara domin 'yan aji huɗu su ziyarci ma'ajiyar ƙwari da ta ganyaye a Samaru, bayan mun rubuta takardar neman izini. Tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a jami'a, ku ne za ku buɗe mana ƙofa. Kafintocin ikilisiya, akwati shida masu murfin gilashi muke bukata. Zumuntar mata, ku tara mana tsofaffin jaridu da kwali, gama a tsakaninsu ake danne ganye har ya bushe. Kafur na 'yan nairori ya isa ya kori ƙwarin da ke cin kaya.

Za mu buɗe babban littafi guda, wanda zai zauna a makaranta ko bayan mu mun tafi. A ciki za a rubuta ranar ruwan farko da ta ruwan ƙarshe, ranar da aka fara ganin shamuwa, ranar da shinge ya tashi, ranar da ɗorawa ta yi tutu, ranar da hunturu ya sauka. A shekarar farko ba zai yi kama da kome ba. Bayan shekara ashirin zai faɗa wa manomi abin da ba wani littafin Turai da zai faɗa masa.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin hutu, ba na maki ba ne. Kowa ya zauna da kakarsa ko kakansa ko wani tsoho a unguwa, ya rubuto sunayen tsuntsaye goma da itatuwa goma da harshen gidansu, da amfanin kowanne, da inda ake samunsa a da. A makarantar nan muna da Bajju da Atyap da Ham da Hausawa da Yarabawa da Ibo da Tibi da Angas da sauransu. In kowa ya kawo nasa, za mu jera sunayen gefe da gefe da na kimiyya. Ku yi sauri, domin tsofaffin nan ba za su jira mu ba, kuma duk wanda ya tafi da nasa sunayen yake tafiya.

Ga doka, kuma ba wasa a cikinta. Ba a harbin tsuntsu da danƙo saboda wannan aiki, ba a ɗaukar ƙwai daga sheƙa, ba a taɓa maciji ko kunama, ba a sayen kan dabba a kasuwa. Gashin tsuntsu da ya faɗi, da sheƙar da aka bari, da saɓar maciji, da ƙwaron da fitila ta kashe, da iri, da ganye, da dutse, sun ishe mu. Duk abin da ka kawo, ka zo da katinsa: mene ne, a ina, yaushe, wa ya samo. Abin da ba shi da kati shara ne, za mu zubar. Wanda yake da kati kuwa, sunanka zai zauna a jikinsa, wata rana ɗanka ya zo ya karanta.

Mun yi wa mai masaukinmu alkawari za mu aika mata da amsar tambayarta. A watan Satumba da Oktoba mai zuwa, duk wanda ya ga tsattsewa ta jeru a kan wayar lantarki, a hanyar Sakkwato ko bakin madatsar Kubanni, ya duba kwanan wata ya zo ya faɗa mana. Da wannan za mu buɗe shafin farko.

Muna taya 'yan aji shida masu fita murna. Allah ya ba ku sa'a, ya kuma ba mu duka idon ganin abin da ya shimfiɗa a ƙofar gidanmu. Amin.